Darasin wannan fitowa: Nauyin da ke kan manajan aiki



Duk wanda ya kwana biyu a sansani ya ga ayyuka iri biyu. Akwai wanda aka fara, aka gama a kan lokaci, har yau ana cin moriyarsa. Akwai kuma wanda aka kafa wa allo, aka haƙa tushe, aka zube yashi, daga nan sai shiru. Ko famfon da ya ba da ruwa wata uku ya tsaya, aka rasa wanda za a kai wa kuka. Idan haka ta faru, akan ce "ƙungiya ta gaza". To amma ƙungiya suna ce kawai a jikin mota da allo. A bayan kowane aiki akwai mutum guda da aka ɗora wa alhakinsa tun daga farko har ƙarshe. Shi ake kira manajan aiki. A Nijar da Kamaru da Cadi za ku ji ana ce masa shugaban furoje. Za mu riƙa cewa "shi" don sauƙin magana, amma mata da yawa ne ke riƙe da wannan muƙami.

Sanin aikin wannan mutum yana da amfani biyu. Na ɗaya, za ku san abin da ya kamata ku tambaya, da wanda za ku tambaya, in aiki ya tsaya. Na biyu, duk wanda aka damƙa wa wani aiki a kwamitin unguwa, ko ƙungiyar mata, ko ta matasa, shi ma manaja ne, ko da ba a ba shi ofis ba.

Mene ne furoje?

Ba kowane aiki ne furoje ba. Share sansani, duba marasa lafiya a asibiti, da koyar da yara a aji ayyuka ne na yau da kullum, ba su da ranar ƙarewa. Furoje kuwa yana da ranar farawa, da ranar gamawa, da kuɗin da aka ware masa, da abin da ake so a gani a ƙasa idan an gama. Gina azuzuwa shida kafin yara su koma makaranta furoje ne. Haƙa rijiyar burtsatse furoje ne. Magidancin da ya taɓa gina wa ɗansa ɗaki kafin ranar tarewar amarya ya san irin wannan aiki: rana a tsaye take, kuɗi a ƙirge suke, kuma ɗakin dole ya rufu.

Duwatsun murhu uku

Kowane furoje a kan abu uku yake zaune, kamar tukunya a kan murhu: yawan aikin, lokacinsa, da kuɗinsa. Tukunyar ita ce ingancin aikin. In an ja dutse ɗaya, sai an gyara sauran biyun, in ba haka ba tukunya ta kife. Idan aka ƙara yawan aiki, sai an ƙara kuɗi ko lokaci. Idan aka rage kuɗi, sai an rage yawan aiki. Wanda ya ƙi yarda da haka, ingancin zai taɓa ba tare da ya faɗa ba: zai rage siminti a bulo, ko ya tsayar da haƙa kafin a kai ga ruwa mai ɗorewa. Babban aikin manaja shi ne ya riƙe waɗannan duwatsu daidai, kuma duk ranar da ɗayansu ya motsa, ya faɗi gaskiya da wuri.

Misalinmu: dashen itatuwa a Minawao

Domin kada darasin ya zama magana a iska, za mu bi wani aiki na gaske. An buɗe sansanin Minawao a 2013, kusa da garin Mokolo a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, domin 'yan Najeriya da suka guje wa rikicin Boko Haram. Zuwa 2021 mutanen da ke cikinsa sun kusa 70,000. Kowane gida na bukatar itacen girki da sandunan gyaran rumfa, don haka cikin 'yan shekaru dajin da ke kewaye ya ƙare. Mata da 'yan mata suka riƙa tafiya mai nisa neman itace, tafiyar da ke da haɗari, itacen kasuwa ya yi tsada, aka kuma fara samun saɓani da ƙauyukan da ke maƙwabtaka.

Hukumar UNHCR da ƙungiyar LWF suka fara aikin mayar da itatuwa da tallafin kuɗi daga ƙasar Holan. Zuwa 2021 an reni dashe 360,000, an dasa su a fili fiye da hekta 100, cikinsu akwai darbejiya da zogale da itatuwa dangin bagaruwa. 'Yan gudun hijira da mutanen gari ne suka yi aikin da hannunsu. Bari mu duba abin da irin wannan aiki ke bukata daga wanda aka ɗora wa shi.

Nauyi na ɗaya: gano ainihin matsala da yanke iyakar aiki

Abin da ido ke gani a Minawao shi ne fili fetal babu inuwa. Mai gaggawa zai ce maganin shi ne a dasa itace, shi ke nan. Amma me ya cinye itatuwan farko? Wutar girki. In ba a taɓa wannan ba, sabbin itatuwan ma murhu za su shiga tun ba su yi tsawon mutum ba. Shi ya sa aikin bai tsaya ga dashe ba. An haɗa da koya wa mutane, musamman mata, yin dunƙulen gawayi daga tarkacen gona irin su ɓawon gyaɗa da totuwar masara, da amfani da murhu mai tsimin makamashi.

Manaja ba ya gano irin wannan daga ofis. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Dole ya zauna da matan da ke ɗebo itace, da dattawa, da masu bukata ta musamman, da masu gonakin da ke kewaye. In shugabannin unguwa kaɗai ya ji, rabin labari ya ji.

Daga nan sai ya rubuta iyakar aikin: me za a yi, guda nawa, a ina, domin wa, da kuma abin da ba ya cikin aikin. Ba da ka ake yanke adadin ba. Ƙungiyoyin agaji suna da littafin ma'auni da ake kira Sphere, wanda aka fara aikinsa a 1997. A cikinsa, mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya ke bukata a rana lita 15 ne, don sha da girki da tsafta. Wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500 daga gida, layi kuma kada ya kai minti 30. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya na mutum 500 ne, bakin famfo ɗaya na mutum 250. Masai ɗaya na mutum 20 ne idan zama ya daidaita, kuma a nisanta raminsa da rijiya aƙalla mita 30. Ke nan unguwa mai mutum 1,000 tana bukatar lita 15,000 a rana, da tuƙa-tuƙa 2, da masai 50.

Da zarar an fara aiki, roƙo zai fara zuwa: "tunda kuna nan, ku ƙara mana katanga." Roƙon na iya zama mai kyau, amma kuɗin katangar daga wani wuri zai fito. Manajan kirki zai rubuta roƙon, ya kai shi gaba, ya dawo da amsa. Ba zai ce "to" don kunya ba, ya bar masai goma babu rufi.

Nauyi na biyu: tsara lokaci

A ƙasashenmu damina ce ke yanka wa aiki rana. A yankin Minawao ruwa na sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. Dashen da aka kai fili bayan ruwa ya zauna yana da watannin da zai kafa saiwa. Wanda aka kai a ƙarshen damina, rani ne zai same shi yana jariri.

Saboda haka manaja daga baya yake ƙirgo kwanakinsa. Dashe na bukatar wata uku ko fiye a cikin leda kafin ya isa fita. Ke nan shuka iri a wurin reno za ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya fi wuya. Kafin shuka sai an cika ledoji da ƙasa da taki. Kafin wannan sai ledojin da irin sun iso. Kafin komai sai an tabbatar da ruwan da za a riƙa bayarwa safe da yamma. Haƙa ramuka da kafa shinge ana iya yin su a gefe, ba sai sun jira juna ba. Amma ruwa, leda, shuka, reno da dashe a jere suke kamar zoben sarƙa. In ledoji suka makara wata ɗaya, ba wata ɗaya aka yi asara ba, shekara ce guda.

Manajoji na zana wannan a takarda: ayyuka a jere daga sama zuwa ƙasa, makonni daga hagu zuwa dama, kowane aiki da zanen da ke nuna tsawonsa. Ana kiransa jadawalin Gantt, da sunan wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, wanda ya yaɗa amfani da shi a wajajen 1910 zuwa 1915. Ba sai da kwamfuta ba, alli da allo sun isa. Mai tsara jadawali ya kuma tuna da ranar rabon abinci, da ranar kasuwa, da azumi, da bukukuwan salla da Kirsimeti, da lokacin girbi, da hanyoyin da ke yankewa in rafi ya kawo. Simintin da ake bukata a Agusta, a Mayu ake shigo da shi.

Nauyi na uku: riƙon kuɗi da kaya

Kuɗin furoje ba na manaja ba ne, ba ma na ƙungiyarsa ba ne. Masu ba da tallafi ne suka bayar domin wani abu takamaimai, aka sa hannu a yarjejeniya. Kasafin a rabe yake gida-gida: kaya, ladan ma'aikata, sufuri, horarwa. Shi ya sa manajan aikin masai ba zai iya sayen hatsi da kuɗin siminti ba, ko da ya ga yunwa da idonsa. Sauya kuɗi daga wannan gida zuwa wancan sai da izini.

Ga wasu ƙa'idoji da yawancin ƙungiyoyi ke bi. Kafin a sayi kaya masu tsada, a karɓo farashi daga 'yan kasuwa aƙalla uku. Wanda ya nemi a sayo kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban. Duk abin da ya shiga sito ko ya fita, a rubuta shi, a sa hannu. Kowane biya da rasidinsa. Ɗan kwangila ana biyansa kashi-kashi gwargwadon aikin da ya kammala, ba a zube masa kuɗi duka tun farko. Idan manaja na da dangantaka da ɗan kwangila, ya faɗa, ya janye daga zaɓen.

Kowane wata manaja na ɗora lissafin kuɗi kusa da lissafin aiki. In an kashe rabin kuɗi amma kashi ɗaya cikin huɗu na aikin aka yi, akwai magana, kuma yanzu ne lokacin yin ta, ba ranar da asusu ya bushe ba. Farashin siminti da mai na tashi, canji tsakanin naira da sefa na motsi. A 2025 kuma kuɗin agaji ya ragu ƙwarai a duniya, ayyuka da dama suka tsuke. Manaja ba shi ya jawo wannan ba, amma alhakinsa ne ya zo ya ce: "kuɗin da ya rage na masai 30 ne, ba 50 ba, ku zo mu duba inda aka fi matsuwa."

Nauyi na huɗu: tafiyar da mutane

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A aikin dashe akwai masanin itatuwa, da mai sito, da direba, da masu cika leda, da masu ban ruwa, da masu gadi. Manaja ba ya yin aikinsu, amma shi ke tabbatar da cewa kowa ya san nasa. Kowane aiki a jadawali ya kasance da sunan mutum ɗaya a gabansa. Aikin da aka ce "na kowa ne", a ƙarshe ba wanda zai yi shi.

Ɗaukar ma'aikatan yini na daga cikin abubuwan da suka fi jawo ƙorafi a sansani. Manaja ya bayyana sharuɗɗa tun kafin a rubuta sunaye: mutum nawa ake nema, su wa suka cancanta, kwana nawa, ladan nawa, wace rana za a biya. A ba mata dama, a ba mutanen gari nasu kason, kada a sa yara aikin ƙarfi. Mai haƙa rami ya sami kayan kariya, rami kuma kada a bar shi a buɗe inda yara ke wasa. Wanda ya yi aiki a biya shi ranar da aka ce.

Akwai kuma waɗanda ba ma'aikatansa ba ne, amma aikin ba ya tafiya sai da su: hukumomin ƙasar da muke zaune, masu kula da sansani, sarakunan gargajiya da masu filaye, da sauran ƙungiyoyi. Itacen da aka dasa a filin da ba a nemi yardar mai shi ba, ko a kan burtalin dabbobi, ba zai yi tsawon rai ba.

Halin ma'aikata ma na wuyan manaja. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da doka, a zamanin Kofi Annan, da ta haramta wa ma'aikatanta neman lalata a madadin kuɗi, ko aiki, ko kayan agaji, ta kuma haramta duk wata mu'amala irin wannan da wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙungiyoyin da ke aiki da ita su ma sun ɗauki wannan alkawari. Manajan da ya ji irin wannan labari ya rufe, ya ci amanar aikinsa.

Nauyi na biyar: hangen matsala tun ba ta zo ba

Rigakafi ya fi magani. Tun kafin a fara, manaja da mutanensa su zauna su lissafa abin da zai iya ɓata aikin. A dashen itace, jerin ba ɓoyayye ba ne: awaki, gara, gobarar daji, ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina, ambaliya, sata, rashin tsaro a hanya. A gaban kowanne a rubuta abu huɗu: yiwuwarsa, girman ɓarnarsa, abin da za a yi don kauce masa, da wanda zai sa ido.

A Minawao babbar barazana ita ce ƙishi. Maganin da aka kawo wani mazubi ne mai siffar zobe, wanda kamfanin Land Life na Holan ya ƙera da kwalin da aka sake sarrafawa. Ana binne shi kewaye da dashen, a zuba masa ruwa kimanin lita 25, ya riƙa ba saiwar kaɗan-kaɗan, daga baya ya ruɓe ya zama ƙasa. Yana da tsada fiye da dashe a rami kawai, amma dashen da ya mutu ya fi kowanne tsada, don an biya leda da ruwa da lada, ba a sami inuwa ba. Auna irin wannan da yanke shawara a kai aikin manaja ne.

Nauyi na shida: bin diddigi da faɗin gaskiya

Akwai bambanci tsakanin abin da aka yi da abin da aka samu. "Mun dasa itace dubu" aiki ne. "Bayan rani, ga adadin da ya rayu" shi ne sakamako. "Mun haƙa rijiya biyu" aiki ne. "Mata sun daina kwana a layi" shi ne sakamako. Manaja ya taka da ƙafarsa ya ƙirga, kada ya tsaya ga hoton ranar buɗewa.

Rahoto kuma fuska biyu gare shi. Ɗaya na zuwa ga shugabanninsa da masu ba da kuɗi. Ɗayan naku ne. A 2014 ƙungiyoyin agaji suka amince da wani ma'auni mai alkawura tara, wanda ake taƙaita sunansa da CHS. Cikin alkawuran akwai cewa mutanen da ake yi wa aiki su sami bayani, a ji ra'ayinsu a abin da ya shafe su, kuma su sami hanyar kai ƙorafi ba tare da tsoro ba. Tambayarku ba rashin godiya ba ce.

Ga misalin amsa iri biyu. A ce wata dattijuwa ta tare manaja ta ce, "Ɗana, kun ce kafin damina za mu sami ruwa, ga hadari ya fara haɗuwa." Amsa ta farko: "Inna, ki yi haƙuri, ana nan ana ƙoƙari." Amsa ta biyu: "Inna, kin yi gaskiya, mun makara. Injin haƙa ya lalace, an tafi neman kayan gyaransa. Ranar Laraba zan zo taron unguwa in faɗa muku sabuwar rana, kafin nan motar ruwa za ta ci gaba da zuwa." Duka biyun cikin ladabi aka yi su, amma ta biyun ce kaɗai ta ba Inna abin da za ta riƙe shi da shi ranar Laraba.

Nauyi na bakwai: rufe aiki da miƙa shi

Furoje na ƙarewa, amma famfo da itace suna nan. Ayyuka da yawa a nan suke mutuwa. Kafin manaja ya tattara takardunsa, ya tabbatar an duba aikin an karɓa, an gyara inda aka samu aibi, an biya kowa haƙƙinsa, an kuma san mai kula da abin daga yau. In famfo ne: akwai kwamitin ruwa? An koya wa wani gyara? An bar masa kayan aiki? A ina ake samun kayan gyara, kuma da wane kuɗi? In itace ne: wa zai yi gadi, wa ke da ikon sassabe, wa zai ci 'ya'yan? Tun ran gini, ran zane. Waɗannan tambayoyi a ranar farko ake yin su, ba ranar bankwana ba. A ƙarshe a zauna da jama'a a rubuta abin da ya yi kyau da kuskuren da aka yi, don mai zuwa kada ya maimaita.

Abin da ba ya hannun manajan aiki

Manajan aikin ruwa ko gini ba shi ke yin rajista ba, ba shi ke yanke yawan abincin rabo ba, ba shi da iko a kan komawa gida ko tafiya wata ƙasa. Kowanne da ofishinsa. Ku tuna kuma: duk taimakon agaji kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi, ko wani kaso na kayanku, ko wata alfarma don ya sa sunanku a takarda, ku kai ƙararsa teburin karɓar ƙorafi, ko akwatin ƙorafi, ko wurin jami'in kariya da kuka amince da shi.

Tambayoyi shida da za ku yi a kan kowane sabon aiki

1. Me za a yi, guda nawa, kuma a ina?
2. Su wa za su amfana, kuma ta yaya aka zaɓe su?
3. Yaushe za a fara, yaushe za a gama?
4. Wane ne manajan aikin, kuma wace rana ake samunsa?
5. In mun ga kuskure, ina za mu kai, kuma cikin kwana nawa za mu ji amsa?
6. Bayan kun tafi, wa zai kula da shi?

Ku yi su a taro, a gaban jama'a, wani ya rubuta amsoshin da kwanan wata.

Idan aikin a hannunku yake

Ƙungiyar matan da ta haɗa adashe don sayen injin niƙa, ko matasan da aka ba gyaran magudanar ruwa, duk nauyin nan bakwai na kansu. Ku nemi littafi guda. Shafin farko: abin da za mu yi da abin da ba za mu yi ba. Na biyu: ayyuka, ranaku, da sunan mai kowane aiki. Na uku: kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Na huɗu: abin da muke tsoro da abin da muka tanada. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, a karanta lissafi da babbar murya a kowane zama.

Ga matasan da ke son wannan ta zama sana'arsu: akwai takardar shaidar ƙwarewa da ake kira Project DPro, wadda aka tsara don masu tafiyar da ayyukan raya ƙasa da agaji. Dandalin Kaya a intanet na da darussa kyauta da Turanci da Faransanci da Larabci. Ga masu neman jami'a kuma akwai tallafin karatu na DAFI, wanda UNHCR ke gudanarwa tun 1992 da taimakon gwamnatin Jamus. Ku tuntuɓi jami'an ilimi na sansani. Kafin nan, wanda ya riƙe littafin kwamitin ruwa shekara guda babu gyara a lissafinsa ya riga ya fara koyon aikin.

Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a gida, ko a ajin manya, ko a taron unguwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. Me ya bambanta furoje da aikin yau da kullum? Ku kawo misali ɗaya-ɗaya daga sansaninmu.
2. Waɗanne ne duwatsun murhu uku? Me ke faruwa da inganci in an rage kuɗi ba a rage aiki ba?
3. Me ya sa aikin Minawao ya haɗa da gawayi da murhu, bai tsaya ga dashe ba?
4. Unguwa mai mutum 1,500, lita nawa take bukata a rana, tuƙa-tuƙa nawa, masai nawa?
5. Ku zaɓi wani aiki da ake yi yanzu kusa da ku. Cikin tambayoyi shida na sama, nawa kuka san amsarsu? Waɗanda ba ku sani ba, ku kai su taro mai zuwa.

Amsar tambaya ta 4: lita 22,500, tuƙa-tuƙa 3, masai 75.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai fitowa ta gaba.